Fataskum: Hanyar Kara Da Hanyar Awo

Matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, in ya wuce Azare, ba da jimawa ba sai ga shi a Fataskum ta Jihar Yobe, garin Ngizimawa da Karekare da Bolawa, inda fadar Sarkin Fika ta komo a 1924. Tun daga bakin gari tireloli ne jere reras, domin karar Fataskum tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Daga Cadi da Nijar ake kawo dabbobi, a loda su zuwa kudu.

To, amma akwai wata tafiya wadda ta fi wannan wuya, ko da yake ba ta kai ta nisa ba, watau tafiyar mai juna biyu zuwa awon ciki. Matar ma'aikaci ko ta attajiri da ke cikin gari, hawan keke Napep ɗaya ya kai ta asibiti. A auna mata hawan jini, a duba fitsari, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. 'Yar'uwarta ta ƙauyukan Nangere ko Fune kuwa, sai an sami kuɗin mota, sai maigida ya yi izini, sai kuma damina ba ta yanke hanya ba. In cikin fari ne, ga kunya ta ƙaru a kai. Sau da yawa ba a kawo ta sai jijjiga ta kama ta, ko jini ya ɓalle, alhali awo kan nuna alamun hawan jini tun da wuri.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 84 cikin ɗari a biranen Nijeriya sun sami awo a hannun ƙwararru, a karkara kuwa 56 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce awo takwas ya kamata, maimakon huɗu.

Gina ɗakunan shan magani a gundumomi abu ne mai kyau, amma sai an ajiye ungozoma mai horo da magani a ciki, magidanta kuma su saki hannu. Garin da ya iya kai saniya Ikko lafiya, bai kamata kai mai ciki awo ya gagare shi ba.