Ruwan Ɗumi A Hamadar Alvord

A kudu maso gabashin Jihar Oregon ta ƙasar Amurka akwai wata gunduma mai suna Harney, wadda faɗinta ya zarce murabba'in mil 10,000, amma a ƙidayar 2020 mutanenta ba su kai 8,000 ba. Ƙasar makiyaya ce, shanu sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Mai son ganin ruwan ɗumin Alvord sai ya tashi daga garin Burns, ya yi tafiyar kimanin mil 100, ƙarshenta a kan hanyar tsakuwa.

Daga yamma Dutsen Steens ne ya tokare sama, tsayinsa ya ɗara ƙafa 9,700. Shi ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, saboda haka ruwan da ke sauka a gabashinsa bai wuce inci 7 a shekara ba. A gindinsa wani ƙafaffen tafki ya shimfiɗu fari fat, mil 12 a tsaye, 7 a kwance. A kansa ne Kitty O'Neil ta yi gudun mil 512 cikin awa da mota a 1976, a nan kuma Jessi Combs ta rasu a 2019 tana neman zarce ta.

To, a bakin wannan fili ruwan ke ɓulɓulowa. Yakan nutse ta tsagar duwatsu, ya ɗau zafi a can ƙarƙashin ƙasa, ya fito da zafin da ya haura digiri 70, wanda zai sale fatar mutum. Sai ya huce a hanya kafin ya zuba cikin kwarmin siminti guda biyu. Wurin na masu garken shanu ne, kuma akan biya kuɗi kafin a shiga.

Ruwa a hamada abin tattali ne. Kudu kaɗan akwai Tafkin Borax mai ɗumi, inda wani ɗan ƙaramin kifi yake, wanda babu irinsa a ko'ina a duniya. Da aka so haƙa rijiyoyi kusa don neman zafin ƙasa, sai gwamnati ta sa shi cikin halittun da ake karewa a 1980. Ba a cire shi ba sai 2020, bayan an tsare masa tafkinsa.

Mai niyyar zuwa ya cika tanki, ya riƙe ruwan sha da bargo, don daren can akwai sanyi. In kuwa an yi ruwa, kada ya kuskura ya hau filin da mota, domin taɓonsa ba ya sakin taya.