Wadata: Almakashi da Salula

Kusa da tashar motar Wadata, inda ƙurar Yamai ke haɗuwa da ƙarar kekunan ɗinki, teloli sun samu sabuwar abokiyar aiki, wato salula. Mace takan aiko da hoton ɗinki da awonta ta WhatsApp, a daddale magana kafin almakashi ya taɓa atamfa. Guntayen ƙyallen da suka saura kuma a harhaɗa su jaka ko matashi, a ɗauki hoto, a nemi mai saye.

Turawa na ganin wannan sabon tsari ne. Nan kuwa, tun faɗuwar darajar sefa cikin 1994, tsadar yadi ta ƙara kai mutane ga rage rigar gwanjo. Cikas ɗaya: in an ɗauke wuta daren jajibiri, keken ƙafa na ci gaba, awon kuwa yana cikin salular da cajinta ya ƙare.