Ranar Da Na Kai Yara Dutsen Kufena

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mu masu nazarin Hausa kuwa yawancin iliminmu ji ne da karatu. Muna haddace kalmomi daga ƙamus, amma sau da yawa abin da kalmar ke nufi ba mu taɓa sa shi a ido ba. In haka ta same mu, to ina ga yaran da aka haifa a tsakiyar Kaduna?

A hutun da ya wuce na ɗebi yara huɗu daga gidanmu a Unguwar Sarki, ƙannena biyu da 'ya'yan yayata biyu. Muka shiga mota a tashar Kawo sai Zariya, daga can muka nufi Wusasa, inda Dutsen Kufena yake tsaye yamma da birni. Tun daga gindinsa na lura kalma ɗaya tak suke da ita, wato dutse. Sai na riƙa nuna musu ɗaya bayan ɗaya: wannan shimfiɗaɗɗen da muka zauna a kai shi ne falali, wancan ramin mai duhu kogo, wannan jar ƙasar mai tauri marmara, wannan ɓallin tsohuwar tukunya kuma tsingaro. Kafin azahar har sun fara yi wa juna gyara.

Can sama muka tarar da wani ƙaton dutse ya hau kan ɗan'uwansa, ka ce da hannu aka ɗora shi. 'Yar autarmu ta ja da baya ta ce, "Kawu, wa ya aza shi? Ba zai faɗo mana ba?"

Na ce mata ikon Allah ne, kuma masana sun gano yadda abin ya faru. Irin wannan dutse narkakke ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Daga baya ya tsattsage, ruwa ya riƙa bin tsagar yana cinye kusurwoyi, sa'an nan ruwan sama ya kwashe ƙasar da ta rufe shi, ya bar ƙwallayen a ɗore. Yau da gobe, an ce, ita ke sa allura ginin rijiya.

Babban cikinsu shi kuma tambayarsa daban: me ya kawo mutane har suka bar tsingaro a nan? Na gaya masa abin da muka karanta a rubutun Farfesa Abdullahi Smith na 1970, cewa duwatsu irin Dala da Kufena da Turunku su suka jawo mutanen dā, don tsaro da kuma imanin da suka yi cewa iskoki na zaune a cikinsu, har garuruwa suka kafu. Da ya ji a nan yankin ne aka yi mulkin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, sai ya yi shiru yana duban filin da ke ƙasa. A da, a cikin littafin makaranta kawai ya san Amina.

A kan hanyar komowa muka wuce masu fasa dutse suna tara tsakuwar gini. Ba na ganin laifinsu, abinci suke nema. Amma abin da aka yi miliyoyin shekaru ana sassaƙawa, nakiya ɗaya kan tarwatsa shi da hantsi. In falali ya ƙare, kalmar ma za ta bi shi, sai dai a neme ta a ƙamus.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa in ya je hutu ya kama hannun ƙannensa ya kai su dutsen da ke kusa da garinsu, ko Kwatarkwashi ne, ko Dala, ko Zuma. Ya nuna musu abu, ya faɗa musu sunansa, tun abin da sunan suna nan.