Anko yadi ne, ba ɗinki ba

Na ga an fara turo hotunan ankon ranar al'adu ta bana a guruf, har wata ta rubuta wai kowa ta kai wa tela sitayil ɗin nan kada a samu bambanci. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin abin da ya same ni bara, kafin wata ta zubar da kuɗinta da hawayenta kamar yadda na zubar da nawa. Rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

Bara ina aji biyu a nan Ibadan. Mu 14 ne mata da muka yi anko. Wata 'yar Kano ce ta taho mana da atamfar daga Kantin Kwari da aka dawo hutu, kowa turmi ɗaya, yadi 6. Atamfa mai kyau wallahi, shuɗiya da manya-manyan furanni ruwan goro. Sai aka zaɓo ɗinki daga hoton wata a Instagram: riga feflum mai tattara a ƙugu, hannu mai kumbura, da siket mai yanka shida, wanda ke matsewa har gwiwa sannan ya buɗe a ƙasa. Yarinyar da ke hoton doguwa ce dirarriya. Babu wadda ta tsaya ta tambayi kanta ko jikinmu irin nata ne.

Ni gajera ce, ƙafa 5 cif. Ina da cikar ƙirji da ɗan tumbi, ƙafafuna kuma sirara. Ranar da na karɓo ɗinkin na sa a ɗaki, sai da gabana ya faɗi. Hannun ya ƙara min faɗi a sama, tattarar ta zauna daidai kan tumbin, fure ɗaya ya cinye min gaban riga gaba ɗaya, siket kuma ya tsuke ƙasa. Kamar an ɗora tulu a kan tabarya. A wajen taron wata ta ce min da wasa, “Ke 'yar nan, yaushe kika zama haka?” Na yi dariya tare da su. Duk hotunan ranar ku duba, a baya nake, kaina kawai ake gani.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne abin da ya biyo baya. Na daina karyawa da safe. Na sayi shayin rage ƙiba da kuɗin da Umma ta turo min na abinci. Ana saura sati biyu jarabawa, jiri ya kwashe ni a matattakalar ɗakin lakca, sai da wasu 'yan ajinmu suka riƙe ni.

Ita kuwa 'yar ɗakinmu, siririya ce miƙaƙƙiya. Ɗinki ɗaya muka sa, amma ita siket ɗin ya tsaya fanko a baya, babu abin da zai cika shi. Ashe ita ma an yi mata magana. A ɓoye ta sayi ƙwayoyin nan da ake ce wa sha-ka-fashe. Cikin 'yan makonni fuskarta ta kumbura ta yi suntum, ƙuraje suka feso, jikin kuwa yana nan yadda yake. Wata yayarmu da ke karatun haɗa magunguna ce ta duba kwalin ta ga dexamethasone ne. Ta ce mata yana kumbura fuska, yana ɗaga suga da hawan jini, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa lokaci ɗaya sai likita ya rage masa a hankali. Haka muka raka ta asibiti.

Ku duba fa. Riga ɗaya ta sa ni ina neman ramewa, ta sa ƙawata tana neman ƙiba. A ɗaki ɗaya, kowa tana ɓoye wa 'yar uwarta.

Bayan jarabawa na ɗauki ankon na kai wa wata tela Bayarabiya a Agbowo, ko za a iya rage wani abu. Dattijuwa ce, ta daɗe tana yi wa matan Sabo ɗinki, don haka tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta sa na saka rigar, ta zagaya ni, ta ce, “'Yata, wa ya zaɓa miki wannan?” Na ce, “Mama, anko ne.” Ta ce su ma suna da anko, aso ebi suke ce masa, amma yadi ake haɗawa, ɗinki kowa da nata. Ta ɗauko tef ta auna ni wuri huɗu: kafaɗa, ƙirji, ƙugu da mazaunai. Ta rubuta min a takarda, ta ce in riƙa duba wannan kafin in duba hoton kowa.

Na zauna a shagonta har la'asar ina kallon masu zuwa, tana yi min bayani. Abin da na fahimta guda ɗaya ne: duk inda aka sa tattara, ko babban fure, ko kala mai haske, nan ido yake zuwa, kuma nan ne yake ƙara girma. To sai ki sa su inda kike da ƙaranci, ki bar inda kike da cika ya zauna lafiya.

Mai cikar sama irina, ba ta buƙatar hannu mai kumbura ko ado a ƙirji. Hannu miƙaƙƙe, wuya mai ɗan tsini ba mai zurfi ba, ƙasa kuma ya buɗe don ya yi daidai da sama. Mai cikar ƙasa da ƙananan kafaɗu, ita ce hannu mai kumbura da aikin wuya suke yi wa kyau, siket ɗinta kuma ya sauko a sake, ba matsattse ba, kada rigar ta tsaya daidai inda ta fi faɗi. Mai tumbi, a yanka mata doguwar riga daga ƙarƙashin ƙirji ta zubo, ko a yi mata bubu da yadi mai laushi. Siririya miƙaƙƙiya irin ƙawata, feflum da tattara da manyan furanni nata ne, shadda ma tana yi mata kyau saboda tana tsayawa da kanta, abin da ba nata ba shi ne siket ɗin da aka yanka don mai mazaunai. Gajera ta nemi ƙananan zane ko layi mai saukowa, kala ɗaya daga sama har ƙasa, don duk inda aka raba kaya gida biyu an rage mata tsawo. Doguwa kuwa tana iya raba kala yadda take so.

Na san wata za ta ce, to mu da hijabi ke rufe komai, ina ruwanmu? Ni ma haka na ɗauka da. Amma hijabi ma yana da awo. Wanda ya tsaya min daidai kan ciki yana ƙara min faɗi, wanda ya sauko gwiwa ko har ƙasa, kalarsa kusa da ta rigar, shi yake zama min daidai. Sannan kada mu ruɗe, kayan da suka dace da jiki daban, kayan da suka matse jiki daban. Rigar da Mama ta gyara min ta fi ankon farko yalwa da sutura nesa ba kusa ba. Ta cire kumburin hannun, ta warware feflum ɗin, ta haɗa da ragowar yadin da na ajiye ta mayar da ita doguwar riga mai buɗewa a ƙasa. Furannin dai suna nan da girmansu, ba yadda za a yi da su, amma ta kawar da babban daga ƙirji.

Ranar da na sa ta na tafi masallacin Juma'a, mutum uku suka tambaye ni ko na rame. Ko kilo ɗaya ban rage ba.

Da na je gida hutu na ba Umma labari, ban da maganar shayin, don da na sha faɗa. Ta ce su a zamaninsu ba su san wannan wahalar ba, zani ne da riga, kuma zani ba ya ƙin kowa, yadda jikinki yake haka za ki ɗaura shi. Na tuna Mama tela ta faɗi irin haka a kan iro da buba nasu. Mu ne muka zo muka ɗauko ɗinkin da aka yi wa jikin mutum ɗaya, muka ce dole mutum 14 su shige shi.

Don haka roƙona ga masu shirya na bana: a haɗa yadi, a haɗa kalar mayafi idan ana so, amma a bar kowa ta zaɓi ɗinkinta. Idan za a sayo atamfar ma, a nemi mai matsakaicin zane, don gajeru da dogaye duk mu samu shiga. Ke kuma kafin ki tura wa tela hoto, ki ari tef, ki sa 'yar ɗakinku ta auna ki wurare huɗun nan. Kuma don Allah mu rage wasa da jikin juna. Wadda ta yi min maganar nan na tabbata ta manta, ni kuwa sai da na yi wata biyu ban karya ba.

Ƙawata ta warke alhamdulillah, fuskarta ta dawo, kuma da izininta na saka labarinta. Jiya muka je Agbowo tare da turamenmu. Ita feflum za a yi mata da siket mai tattara, ni doguwar riga. Idan akwai wadda take son rakiya, ranar Asabar bayan azahar za mu koma gwaji.