Kwandon Goro da Kwandon Ƙwallo

Muna so mu yi bayani a kan maganar ƙwallon kwandon nan ta makarantar firamare, tunda har yanzu wasu iyaye suna tare mu a kanta a ƙofar masallaci.

Wata Laraba bayan sallar Isha'i, magidanta uku suka jira har jama'a suka watse. Babbansu ya ce, "Malam Liman, ƙara muka kawo. An kawo sabon ticha na motsa jiki, ya sa 'ya'yanmu mata suna tsalle-tsalle da ƙwallo. Ga shi yaran sun fara makara a Islamiyya. Muna so ka ja kunnen jama'a a wajen karatu."

Gaskiya zuciyarmu ta karkata wajensu. Mun taso ana ce mana ƙwallo aikin marasa aikin yi ne, kuma jikarmu tana aji huɗu a makarantar. Amma ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, kuma gani ya kori ji. Washegari muka bar wa yaro rumfar goro, muka nufi makarantar.

Mun tarar da yara sun kai arba'in, ƙwallo guda uku kacal. Tichan saurayi ne Bayarabe. Ya rusuna ya gaishe mu, ya sa aka kawo mana benci. Mun zaci za mu ga ana ta jifan raga ana ihu, sai muka ga ko kallon ragar ba su yi ba. Ya jera su sahu uku. Darasin farko tsayuwa ce: a ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a ɗaga kai. Sannan buga ƙwallo a ƙasa yana dawowa hannu. Ya ce da kan yatsu ake tura shi, ban da mari da tafin hannu, kuma kada ya wuce ƙugu. Sai ya tsaya gabansu yana ɗaga yatsunsa, mai buga ƙwallo ya faɗi nawa ne. Wanda ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwallo ba zai gani ba, sai ya koma bayan sahu.

Nan take muka tuna yadda ake fara wa yaro karatu, babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Ba wanda ake miƙa wa izu a ranar farko. Ashe ƙwallon ma da nasa babbaƙun.

Daga nan ya haɗa su bibbiyu, suna jefa wa juna. Iri biyu ya koya musu: a turo ƙwallo daga ƙirji da hannu biyu zuwa ƙirjin ɗan'uwa, ko a buga shi ƙasa sau ɗaya ya tashi zuwa hannunsa. Mai karɓa ya buɗe hannuwa tun kafin a jefo. Ya nuna musu dokoki biyu: ba a gudu da ƙwallo a rungume, kuma wanda ya gama bugawa ya riƙe da hannu biyu ba ya sake farawa, sai dai ya dasa ƙafa ɗaya ya juya a kanta ya nemi wanda zai ba. Jifan raga sai a mintunan ƙarshe: gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, ƙarfi ya taso daga ƙafa, wuyan hannu ya raka shi.

Wuri ɗaya muka ga yaranmu sun cije. Da ya ce a koma hannun hagu, 'ya'yan Hausawa suka tsaya suna kallon bencin da muke. Jikarmu ta zo ta raɗa mana, "Alhaji, ba kun hana mu hagu ba?" Dariya ta kusa ƙwace mana. Muka ce, "Cin abinci da miƙa wa babba abu, wannan na dama ne har gobe. Ƙwallo kuwa, Allah da ya ba ki hannu biyu bai ce ki ajiye ɗaya ba." Ta koma ta buga da hagun, ƙwallo ya kufce ya yi bakin kwata, ta bi shi da gudu ta ɗauko.

Bayan an tashi muka zauna da tichan. Ya ce wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a Amurka a 1891, don ɗalibansa su samu abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Kwandunan 'ya'yan itace ya kafe a sama, masu gindi, duk ƙwallon da ya shiga sai an hau an ciro. Muka ce to, in dai kwando ne an zo gidansa, mu da muka tsufa cikin kwandunan goro. Ya ce ragar manya mita 3.05 ce daga ƙasa, shi ya sa ya sa mai walda ya sauko da ta yaran, don yaron da ya yi ta jifa ba ya kaiwa zuciyarsa mutuwa take yi.

Mu ma akwai abin da muka sani. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne, Musulmi, ya ci kofin Amurka da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma yana buga wasa da azumin Ramadan a bakinsa. 'Yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba a wannan wasa. Tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta yarda mace ta buga da kanta a rufe. Kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda.

Duk da haka koken iyayen nan yana da tushe, kuma mun faɗa wa tichan a gaban hedimasta. Aka daidaita a kan abu uku. 'Yan mata za su sa dogon wando da ƙaramin hijabi, su yi sahunsu daban. Ba za a riƙe yaro bayan an tashi makaranta a ranakun Islamiyya ba. Mai son ƙari ya zo ranar Alhamis da yamma, tunda ba karatu, kuma da an kira Magariba a ajiye ƙwallo.

Biyu daga cikin magidantan nan sun gamsu. Na ukun ya ce 'yarsa ba za ta yi ba. Haƙƙinsa ne, ba mu ga laifinsa ba, kuma muna roƙon kada kowa ya yi masa gori. Sai dai ran nan mun ga yarinyar a bakin taga tana kallon 'yan'uwanta, abin ya tsaya mana a rai.

Abin da ya fi damunmu shi ne, filin wasa na Adamasingba ga shi nan kusa da mu, amma 'ya'yan Sabo nawa ne ke shiga don su yi wasa? Yawancinsu talla ke kai su bakin ƙofa. Yaron da bai samu inda zai sauke ƙarfinsa da rana ba, lungu zai nema da dare, kuma duk mun san abin da ake sha a lungunan.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu, na goro da na shanu da na canji. Yara arba'in a kan ƙwallo uku, rabin darasi a jiran layi yake ƙarewa. Ana bukatar ƙananan ƙwallaye na yara, da siminti a shafe filin, don tsakuwa tana yanke musu gwiwa. Mu dai mun fara da tsofaffin kwandunan goro biyu, an fafe gindinsu an ɗaure a jikin sanda. Mai niyya ya same mu a rumfa ko bayan sallar La'asar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su lafiyar jiki da ta zuciya. Amin.