Kada Uwar Kuɗi Ta Shiga Tukunya

'Yata, tun da kika tare a Cikaji nake jin labarin hulunanki. An ce hannunki na da kyau, har daga Samaru ma'aikatan jami'a ke aiko miki da aiki. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya ƙara albarka. Sai dai na ga mata da yawa a Birni da Tudun Wada da Sabon Gari waɗanda suka fi ki iya riƙe allura, amma yau ko ƙullin zare ɗaya babu a ɗakinsu. A cikin gida sana'arsu ta mutu, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya abin ya bi: uwar kuɗi ce ta shiga tukunya.

Ba a rana ɗaya take shiga ba. Yau maigida ya fita, abin da ya bari na cefane bai kai ba, sai ki ɗaga ƙasan akwati ki cika. Gobe yaro ya dawo yana kuka ba a ba shi kuɗin Laraba ba. Jibi ga ankon bikin ƙanwar miji. Kowane lokaci kina cewa za ki mayar, kuma da gaske kike. Ranar da za a sayo yadi da zare sai a ƙirga a ga babu. Daga nan sai karɓar kaya bashi a kasuwar Sabon Gari, mai shago ya ɗora miki nasa a kai, ki wayi gari shi kike yi wa ɗinki, ke kuwa sai ciwon baya da na ido.

Saboda haka duk hular da kika sayar, kafin ki taɓa ko sisi, ki kasa kuɗin gida uku. Kashi na farko na kaya ne: yadi, zare, ladan mai zane, ladan mai wankin hula, har da kuɗin Keken yaron da kika aika. Wannan kashin ba naki ba ne, na sana'a ne. Kuma ki ware shi bisa farashin da za ki tarar a kasuwa yau, kada ki bi wanda kika saya wata biyu da suka wuce. Tun da aka cire tallafin fetur aka kuma saki darajar Naira a 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje ba su zauna wuri ɗaya ba, kuma yawancin zaren da muke aiki da shi daga waje yake zuwa. Mace takan sayar da hula tana murnar riba, sai ta je saro zare ta ga kuɗin duka bai maido mata abin da ta kashe ba.

Kashi na biyu ladan hannunki ne, kuma shi mata suka fi mantawa. Hula mai cikakken aiki tana cin mako biyu ko uku, wata har wata guda, tsakanin girki da wanki da goyo. Idan ba ki yi wa waɗannan kwanakin kuɗi ba, kyauta kike ɗinki. Abin da ya saura bayan haka shi ne riba. Daga ladanki da ribarki ki ci, ki yi zumunci, ki zuba adashi. In da hali ki roƙi uwar adashi ɗaukarki ta faɗo a Rajab ko Sha'aban, ki saro kaya kafin rububin Sallah ya tayar da farashi.

Batun maigida kuwa, ki bi shi da ladabi amma ki fito fili. A shari'a ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyansa, dukiyar mace kuma tata ce. Wannan bai hana ki taimaka ba, zamanin nan ma gida kaɗan ne ke tsayawa da hannu ɗaya, kuma ladan mai taimakon mijinta yana da girma. Abin da ke ɓata zama shi ne a bar magana a duhu. In kyauta ce ki ce kyauta ce, ki cire ranki. In rance ne ki ce, "Malam, wannan na zare ne, ranar kaza nake bukatarsa," ku rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ciki. Haka za ki yi da dangi, naki da nasa. Kunya ta cinye jarin mata fiye da ɓarayi. Duk wanda ya ba da aiki ya ajiye kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan, ko da yayan mijinki ne. Wanda kike son yi wa alheri ki ɗinka masa kyauta da niyya, ya fi bashin da ba za ki iya tambaya ba.

Ki san kuma abin da kika gada. Kakanninki mata kaɗi suke yi, da mazari da alli, daga audugar ƙasar Zazzau, su sayar wa masaƙa. Zaren masana'anta ya zo ya kashe kaɗi. Ɗinkin babbar riga, su aska biyu da aska takwas, aikin maza ne a zaure, sai daga baya matan Birnin Zariya suka karɓe shi a cikin gidajensu, suka riƙa aurar da 'ya'ya da shi. Su kansu manyan masaƙun Kaduna ba su tsira ba: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Yanzu ga hular inji mai araha ta cika kasuwa. Ba za ki iya kayar da inji a farashi ba, kada ma ki gwada. Masu neman aikin hannu suna nan, kuma abin da suke biya shi ne tsaftar ɗinki, zaren da ba ya zuba, da cika alkawari. In kin ce ranar Alhamis, ta kasance Alhamis. Gara ki karɓi aiki uku ki gama da ki karɓi goma a zo ana miki sallama daren Sallah.

Yaranki ki koya musu, mata da maza, amma bayan an taso daga boko da Islamiyya. Kada ki ɗora wa yarinya tallan hula. Hoto a WhatsApp ya isa ya kai kayanki Kano da Abuja kina zaune a tsakar gida. Kuɗin da za a turo ya shiga asusu mai sunanki. Idonki kuma ki tausaya masa: ki yi aiki mai ƙananan zane da hantsi, ki daina ɗinki da fitilar waya in an ɗauke wuta, don da shi za ki yi karatun Alƙur'ani in kin kai shekaruna.

Ki sayi littafi mai bango mai ƙwari, ki fara rubutawa daga hular da ke hannunki yanzu. Wannan takarda kuma ki ba maigidanki ya karanta, ki ce ina gaishe shi.