Sirrin dogayen kalmomin Turanci

Ku matso kusa, maganar nan tsakaninmu ce. Yaya, na ga 'yarki ta duƙufa tana haddar jerin kalmomin Turanci saboda jarrabawar JAMB, abin da ta riƙe da dare kafin gari ya waye rabi ya gudu. Ki ce mata ta sassauta wa kanta. Yawancin dogayen kalmomin nan haɗe-haɗe ne, kowace da saiwarta.

Mu ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya san karatu ba sai an yi masa bayanin makaranta ko makaranci ba. Malama, ke shaida ce a islamiyya: yaro na gane kataba, sai kitabu da katibi da maktaba su biyo shi gida. To, Turanci ma haka yake, sai dai saiwoyinsa na aro ne. Da yawa daga Latin da harshen Girka suka zo, wasu kuma ta hanyar Faransanci, bayan Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensa ya zama na fada da kotu.

Hajiya, miƙo gwangwanin maganin sauron can. Kin ga an rubuta insecticide? Wutsiyar nan, cide, kisa take nufi. Ke nan kin samu herbicide na kashe ciyawa a gona, kin samu suicide da genocide, duk a kyauta. A asibiti kuma, in kalma ta ƙare da itis, kumburi ake nufi: hepatitis na hanta, arthritis na gaɓoɓi, meningitis kuwa sanƙarau ne. Port ɗauka ce. Export a ɗauka a fitar, import a ɗauka a shigo, portable abin da hannu zai iya ɗauka. Spect dubawa ce, shi ya sa aikin inspector, wato sufeto, duba aikin wasu ne.

Amma kada in yaudare ku, saiwa hanya take nunawa, ba ita ce alƙali ba. Manu hannu ne, amma yau manufacture aikin inji ne. Carpet kuma, duk da car da ke farkonta, babu ruwanta da mota. Gajerun kalmomin gida irin su house da water da bread na gado ne, ba sa fasuwa, sai dai a saba da su a baki.

Yaya, ki saya mata ƙaramin littafi. Kowane shafi saiwa ɗaya a sama. Duk inda ta ci karo da 'yar gidan, a jarida ko a kwalin magani, ta fara cinkar ma'anarta, sannan ta buɗe ƙamus ta ga ko ta dace. Cinkar nan ita ke sa kalma ta zauna a ka. Kuma in ta fara gyara wa babanta Turanci, don Allah kada a ce daga bakina aka ji.